Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin FENIFOOT: kafin a yanke hukunci kan kocin Mena

Zuwa ga shugaban Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Nijar da 'yan kwamitinsa, Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa, muna fatan wannan takarda ta same ku lafiya, ku da iyalanku. Allah ya yi riƙo da hannayenku a kan nauyin da kuka ɗauka.

Ni malamin makarantar firamare ne a nan Damagaram. In an tashi daga aji, bayan la'asar, nakan tara yaran unguwa in horar da su ƙwallo a filin yashin da ke bayan makarantarmu, yau shekara goma sha huɗu ke nan. Ina magana ne da yawun abokan aikina masu horar da yara a Birni da Zango da Garin Malam da Kara-Kara, da wasu masu gidajen kallon ƙwallo, da tsofaffin 'yan wasa biyu da muke shan shayi tare da su a fada. Dare uku muka yi muna gardama a kan Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasarmu, da kocinta Badu Zaki, har muka tsaya a kan abin da za ku karanta. Aka ce tunda ni ne mai alƙalami, in rubuta.

Ranar Talata 14 ga Oktoban wannan shekara ta 2025, na biya dala ashirin na shiga gidan kallo na unguwarmu. Ba Mena ke wasa ba, Najeriya ce da Benin. Kun san mu, Kano ta fi mana Yamai kusa, kuma muddin ba da Mena ake karawa ba, rabin bencin nan magoya bayan Najeriya ne. Amma ran nan ba mai murnar ƙwallonsu. Kwana biyu kafin nan Daniel Sosah ya ci Zambiya har gidanta, mun gama wasanninmu da maki 15, mun zo na biyu a bayan Maroko, saura mu jira mu ga ko za mu shiga cikin ƙasashe huɗu da za su buga wasannin cike gurbi na kofin duniya. Wani yaro cikin waɗanda nake horarwa ya yago bayan kwalin sukari, ya jera sunayen ƙasashe da makinsu, yana gogewa yana sake rubutawa. Osimhen ya ci uku, aka tashi huɗu da nema. Yaron ya ninke kwalin ya sa a aljihu, muka fita sallar magariba ba wanda ya ce da wani uffan.

Tun daga ranar gari ya rabu biyu. Wasu na cewa a sallami koci, tunda shekara biyu ba kofin Afirka ba kofin duniya. Wasu kuma na cewa ba a taɓa samun kamarsa ba, kada ma a tambaye shi komai. Abin da muke tsoro shi ne ku ɗauki ɗaya daga cikin biyun nan a ɗaki rufe, mu ji sanarwa a rediyo kawai, sannan bayan shekara biyu a sake komawa gidan jiya. Shi ya sa muka ga gara mu kawo muku lissafin yadda muka yi shi.

Ba a auna tafiyar mutum sai an san inda ya taso. A wasannin neman gurbin kofin Afirka na 2023, ƙarƙashin Jean-Michel Cavalli, Mena ta buga wasa 6 da Aljeriya da Tanzaniya da Uganda, ta tashi da maki 2, ba ta ci wasa ko ɗaya ba, ta zo ta ƙarshe a rukuni. A ƙarshen 2023 kuka miƙa wa Zaki ragama. Mutumin ba baƙo ba ne a harkar. Shi ya tsare ragar Maroko a kofin duniya na 1986, shekarar da aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Afirka, shi ne kuma ya kai Maroko wasan ƙarshe na kofin Afirka a 2004.

Daga zuwansa zuwa yau Mena ta buga wasa 11 na neman gurbi a cikin fili. Ta ci 5, ta yi kunnen doki 1, an ci ta 5. Ta zura ƙwallo 13, an zura mata 14. Ban sa wasan Kongo na Yunin 2024 a ciki ba, domin maki 3 da ƙwallo 3 ɗin nan a kan tebur FIFA ta ba mu, Kongo ba ta zo fili ba, kuma duk mai son yabon koci ya fara cire su tukuna. Haka nasarar 2-1 a kan Zambiya a Nuwamban 2023, kafin zuwansa aka yi ta, kamar yadda kashin 1-0 da Tanzaniya ta ba mu a wannan watan ba da shi aka sha ba.

Wanda ya dubi biyar da biyar zai ce tsaka-tsaki ne. Amma ku raba wasannin nan gida biyu ku gani. Huɗun farko, Sudan ta ci mu 1-0, muka yi 1-1 da Ghana, Angola ta ci mu 2-0, ta sake cin mu 1-0. Maki ɗaya, ƙwallo ɗaya, ita ma ɗan baya ne, Umar Sako, ya ci ta. Bakwan da suka biyo baya kuwa, mun ci Sudan 4-0, mun ci Ghana 2-1 a Akara, mun ci Tanzaniya da Zambiya kowacce a gidanta, mun ci Kongo 3-1. Tun Nuwamban 2024 ba ƙasar da ta ci Mena a wasan neman gurbi sai Maroko, wadda ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin duniya na 2022. Wannan gaskiya ce, kuma mai neman a kori koci dole ya haɗiye ta. Ƙungiyar da ta saba fita waje a ci ta, yanzu tana zuwa gidan mutane ta ɗauko maki uku ta dawo.

To, ga kukanmu a kansa, kuma ba ƙarami ba ne.

Maki ɗaya ya hana mu zuwa kofin Afirka na 2025 a Maroko. Angola ta gama da 14, Sudan da 8, mu da 7, Ghana da 3. Da mun samu kunnen doki ko sau ɗaya a wasa biyun da muka yi da Angola, da mun yi daidai da Sudan, kuma da mun shige gabanta, tunda ita ɗaya ta ci mu, mu kuwa huɗu muka zura mata. A wasannin nan huɗu na farko abin da idanunmu suka gani a tele shi ne ƙungiya mai tsoro. 'Yan tsakiya sun koma sun manne da 'yan baya, ɗan gaba yana can shi kaɗai kamar maraya, in an ƙwace ƙwallo sai a doka ta sama a ce ya bi, kafin ya saukar da ita mutum biyu sun rufe shi. Mun san dabarar tsare gida a jira kuskuren abokin hamayya, ita ta ba mu nasara a Tanzaniya da Zambiya, kuma ba abin kunya ba ce ga ƙungiya irin tamu. Amma tana aiki ne muddin ba a riga ka ci ba. Da an riga mu ci, sai a ga ba wata hanya ta biyu, a yi ta zagaye har alƙalin wasa ya hura. Sai da ruwa ya ƙare wa ɗan kada, ya zama ko mu ci ko mu fita, sannan aka saki yaran nan suka matsa gaba, suka zura ƙwallo shida a wasa biyu. 'Yan wasan ba su canza ƙafa ba tsakanin Oktoba da Nuwamba. Muna son koci ya faɗa mana da bakinsa abin da ya hana a sake su tun Satumba.

Sai wasan neman gurbin kofin duniya da Maroko a garin Ujda a Maris 2025, wanda har yau in an ambace shi a fadarmu sai wani ya ajiye kofin shayinsa. Yusuf Umaru ya ci Maroko da dawowa hutun rabin lokaci. Suka farke. Muka riƙe 1-1 har minti casa'in ya cika, sai a mintunan da alƙalin wasa ya ƙara suka zura ta biyu. Ranku ya daɗe, ku yi lissafin da kanku. Da an tashi 1-1, da makinmu 16 ne, da mun shige gaban Kamaru da Najeriya da Burkina Faso waɗanda a lissafin ƙasashen da suka zo na biyu a rukuni duk suka tsaya a 15 irin namu suka fi mu da yawan ƙwallaye, da mu ne na uku a cikin huɗun da aka ɗauka, maimakon na shida. Mintunan ƙarshe na wasa aikin benci ne. Wa za a cire tun bai faɗi don gajiya ba, wa za a saka ya riƙe ƙwallo a kusurwa, wa zai yi wa 'yan baya tsawa su matso kada su shige cikin ragarsu. Ko mu masu yaran unguwa muna koya musu yadda ake kashe minti biyar. Ba mu ce laifin mutum ɗaya ba ne, Maroko tana da 'yan canji da suka fi 'yan wasan farko na ƙasashe da yawa. Amma wannan shi ne irin abin da ake ɗauko babban koci dominsa.

Na Rabat a watan Satumba kuwa, an ba mu jan kati tun kafin hutu, aka tashi 5-0. Gaskiya ko da ɗaya kawai aka ci mu ran nan, bambancin ƙwallayenmu ba zai kamo na Najeriya ba, don haka ba za mu ce shi ya fitar da mu ba. Abin da ya dame mu shi ne yadda ƙungiyar ta watse da zarar an rage mutum ɗaya, da kuma yadda ɗan wasa mai katin gargaɗi a wuyansa yake ci gaba da shiga ƙafar mutane ba wanda ya ja masa kunne. A nan zan faɗi wani abu da ake raɗawa a gari, wai koci ya sassauta wa ƙasarsa. Mu ba mu yarda da wannan zance ba, kuma muna roƙon masu yaɗa shi su ji tsoron Allah. Wanda ya kalli wasan Ujda ya san Mena ta je ne don ta ci.

Ranku ya daɗe, yanzu mu zo kan abin da ba na koci ba, wanda a ganinmu ya fi duk na sama nauyi.

A duk wasannin nan na neman gurbi biyu, na kofin Afirka da na kofin duniya, ba a buga ko ɗaya a ƙasar Nijar ba, saboda CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, ba ta amince da filin Janar Seyni Kunce da ke Yamai ba. Wasanmu na gida da Ghana a Barkan ta Maroko aka yi shi. Na Sudan a Lome. Na Kongo a Wagadugu. Wanda ya fi ciwo, wasanmu na gida da Maroko a Ujda aka buga shi, cikin Maroko, a gaban 'yan kallonta. Wato sau biyu muka je gidansu, su ko sau ɗaya ba su taka namu ba. Ta yaya za a auna koci da ma'aunin da aka auna na baya, alhali shi bai taɓa jin ihun Yamai a bayan ƙungiyarsa a wasan maki ba?

Na san abin da nake faɗa, don na gani. A Oktoban 2010 mu huɗu muka hau motar safa tun asuba daga nan, kusan kilomita 900, ta Maradi da Birnin Konni da Dogonduci da Dosso, muka isa Yamai cikin dare ƙafafu sun kumbura. Masar za a karɓa, wadda ta ɗauki kofin Afirka sau uku a jere, 2006 da 2008 da 2010. Tun hantsi muka shiga fili, rana na dukan kai, ba mu da komai sai ledar ruwa da ƙuli-ƙuli a aljihu. Da Musa Ma'azu ya zura ƙwallon nan, wani dattijo Bazabarme da ke gefena, wanda ban san shi ba bai san ni ba, ya rungume ni yana hawaye, hularsa ta faɗi ƙasa bai ko waiwaye ta ba. Na ga 'yan wasan Masar suna kallon sama suna neman iska. A wancan zagaye Mena ta ci Masar da Saliyo da Afirka ta Kudu duk a Yamai, aka ci ta a duk wasanninta uku na waje, kuma da maki taran nan na gida ta je kofin Afirka na farko a tarihinta. Zafin Yamai da jama'ar Yamai su ne ɗan wasanmu na goma sha biyu. Yau an ɗauke shi, sannan ana mamakin maki ɗaya ya gagara. Mun san filin na gwamnati ne, ba naku ba. Amma ku ne bakin ƙwallon ƙafa a gaban ma'aikatar wasanni, in ba ku matsa ba, ba mai matsawa.

Akwai yara a filina 'yan shekara goma sha biyu da ba su taɓa jin an ce Mena na wasa a ƙasarsu ba tun da suka yi wayo. Rigunan da suke sawa na Barcelona ne da Real Madrid da Maroko. Ban ga laifinsu ba.

Wani abin da ya sa muke ja muku hankali kan gaggawa shi ne abin da ya faru da Haruna Dula. Ɗan ƙasa ne, shi ya kai mu kofin 2012, CAF ta zaɓe shi gwarzon kocin Afirka na 2011. Ana gab da gasar aka kawo Rolland Courbis a matsayin mai ba da shawara, kafin a gama ta ragama ta koma hannun baƙon. Sakamako bai canza ba: Gabon ta ci mu 2-0, Tunisiya 2-1, Maroko 1-0. A 2013 Gernot Rohr ya kai mu Afirka ta Kudu, muka samu makinmu na farko a hannun Kongo Kinshasa, daga nan shiru. Shekara goma sha biyu ke nan, an canza koci an sake canzawa, an ma faɗaɗa gasar daga ƙasa 16 zuwa 24 tun 2019, ƙofa ta ƙara faɗi mu ba mu shiga ba. Ranar 21 ga Disamban 2025 za a buɗe gasar kofin Afirka a Maroko, Najeriya da Benin da Burkina Faso da Mali da Aljeriya duk suna ciki, maƙwabta biyar cikin bakwai, mu muna kan benci a gidan kallo. Da canza koci ke kai ƙasa gasa, da tuni mun je. Ku dubi Kef Bad, tsibiran da mutanensu ba su kai na jihar Damagaram ba ko kusa, sun riƙe ɗan ƙasarsu Bubista tun 2020, ga shi a watan Oktoban nan sun samu gurbin kofin duniya. Senegal ta haƙura da Aliyu Sise tun 2015, ya sha kashi a wasan ƙarshe na 2019, ba su kore shi ba, ya ɗauko musu kofi a 2022.

Sannan matsalar cin ƙwallo ta girmi Zaki. Ƙungiyar 'yan wasan cikin gida, wadda Dula ya kai wasan kusa da na ƙarshe na CHAN, gasar Afirka ta 'yan wasan da ke buga wa ƙungiyoyin ƙasarsu, a Aljeriya a farkon 2023 bayan ta fitar da Kamaru da Ghana, ita ce ta je CHAN ta watan Agustan bana ta buga wasa huɗu ba ta zura ƙwallo ko ɗaya ba. Koci biyu, ƙungiya biyu, ciwo ɗaya. Ashe rijiyar ce ba ta kawo ruwa, ba guga ba. Ɗan gaba ba a sansanin kwana biyar ake yin sa ba, a gasar gida ake yin sa, mako bayan mako, tun yana ɗan shekara goma sha uku. Gasar tamu kuwa ƙarfinta duk ya taru a Yamai, a hannun ƙungiyoyin soja da jandarma da 'yan sanda da duwan. Espoir ta Damagaram ta taɓa ɗaukar kofin gasar ƙasa a 1984, Jangorzo ta Maradi ta riga ta da shekara ɗaya. Tsofaffinmu suna ba mu labarin ne kamar tatsuniya.

Na taɓa riƙe wani yaro bahago, siriri, wanda in ya karɓi ƙwallo a gefen hagu sai masu wucewa da amalanke su tsaya kallo. Ba takalmi yake wasa ba, sai daga baya muka haɗa masa kuɗi muka sayo na gwanjo a Kasuwar Dole. Daga shekara goma sha ɗaya zuwa goma sha bakwai yana hannuna. A tsawon shekarun nan bai buga gasa ko ɗaya da za a rubuta sunansa a takarda wani daga nesa ya gani ba, sai kofunan hutu na unguwa da 'yan kasuwa ke sawa. Mahaifinsa ya zo ya same ni har gida ya ce, Malam, ka yi haƙuri, ƙwallo ba ta cika tukunya. Ban iya ce masa komai ba, don gaskiya ya faɗa. Yanzu kabu-kabu yake yi, in ya gan ni a hanya ya tsaya ya ɗauke ni ya ƙi karɓar kuɗi. Kowane ɗaya daga cikin abokan aikina yana da irin wannan yaro, wani ya tafi Agadas, wani Kano, wani Libiya. Kuma mun san iri yana nan, don 'yan ƙasa da shekara 17 na Nijar sun je kofin duniya a Indiya a 2017 har suka tsallake rukuni.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Kafin ku ce komai a kan makomar koci, ku sa shi da daraktan fasaha na hukumarku su rubuta rahoto a kan wasannin nan goma sha ɗaya, wasa bayan wasa: abin da aka shirya, abin da ya faru, kwana nawa aka samu ana atisaye kafin kowanne, wa aka kira bai zo ba da dalili. Sannan a zauna gaban 'yan jarida a amsa tambayoyi, a kuma watsa shi a rediyo da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, kada a tsaya a Faransanci. Masu biyan dala ashirin su kalli Mena suna da haƙƙin su ji.

Ra'ayinmu, bayan duk gardamar da muka yi, shi ne a bar Badu Zaki ya ja ƙungiyar nan har ƙarshen wasannin neman gurbin kofin Afirka na 2027 da za a yi a Kenya da Tanzaniya da Uganda. Mutum biyu a cikinmu ba su yarda ba, na kuma yi musu alkawarin zan faɗa. Amma mu da muka yarda, da sharaɗi muka yarda, kuma muna so a rubuta shi a takarda kowa ya sani. Samun gurbin 2027 shi ne ma'auni, in bai samu ba a rabu lafiya. A ba shi mataimaki ɗan ƙasa mai faɗa a ji, wanda ake shiryawa don ya gaje shi, ba mai ɗaukar buhun ƙwallaye ba. A riƙa ganin sa a filayen gasar gida, a Yamai da Maradi da Tawa da Arlit da nan Damagaram. Ku kuma naku ɓangaren, kada ranakun FIFA su wuce ba a samar masa wasan sada zumunci ba, a kuma nemi ƙungiyoyin da za su tsare gida su bar mana ƙwallo, domin a nan ne rauninmu yake. Alawus ɗin 'yan wasa da tikitin jirginsu su zama a shirye tun kafin a kira su.

Batun fili, ku fito ku gaya wa jama'a abin da CAF ta ce a gyara, abin da aka gyara, abin da ya rage, da watan da ake sa ran gamawa. Ku ɗauki takardar ku kai wa ministan wasanni, in ta kama ku kai ta gaba da nan. Burinmu wasan farko na gida a zagaye mai zuwa a buga shi a Yamai. In hakan bai samu ba, a zaɓi ƙasar da ɗan Nijar zai iya shiga mota ya je, inda kuma 'yan Nijar mazauna can za su cika fili, kamar Wagadugu da Lome. Kada a sake kai wasanmu na gida ƙasar wanda za mu kara da shi, komai sauƙin da aka yi mana.

Ku kawo mana Mena. Ko ba wasan maki ba, a yi sansanin atisaye na mako ɗaya a Maradi, wadda ta karɓi wasannin kofin Afirka na 'yan ƙasa da shekara 20 a 2019, a zo Damagaram a buga da zaɓaɓɓun jiha, yara su ga Sosah da Sako da Yusuf Umaru da idonsu, su taɓa rigarsu. Ku dubi kokowa. Takobin ƙasa yana zagaya jihohi takwas, kowace jiha tana tace 'yan kokowarta tun daga ƙauye, shi ya sa in ana kokowa kasuwa ke mutuwa, kowa na manne da rediyo. Abin da muke nema wa ƙwallo ke nan: gasar jihohi ta 'yan ƙasa da shekara 15 da 17 kowace shekara, wadda za a fara daga Mirya da Magarya da Matamai da Tanut da Gure, a tace a kawo babban birnin jiha, sannan a haɗu a jiha ɗaya bi da bi, a kuma tsananta binciken shekaru don kada manya su cinye gurbin yara.

Na ƙarshe namu ne mu masu horar da yara. Yawancinmu ba mu da takardar koci ko ta matakin farko, abin da muka gani a tele da abin da aka koya mana muna yara shi muke koyarwa. Zuwa Yamai kwas na mako biyu, da kuɗin mota da masauki da barin aiki, ya fi ƙarfin malamin makaranta. Ku turo masu koyarwa nan a lokacin babban hutu. Mun riga mun tattara sunayen masu so daga unguwanninmu, ajin da za a zauna da filin da za a yi atisaye kuma mu za mu nema, za mu miƙa takardar ga reshen hukumarku na jiha a cikin wannan wata.

Muna jiran amsarku ta kowace hanya kuka ga dama, ko a rediyo ne za mu ji. Allah ya ƙara muku lafiya, ya ba Mena sa'a.

Wassalam.

Naku, malamin makaranta mai horar da yaran unguwa, a madadin abokan aikinsa,
Damagaram.